Sanyin Esi Ne, In Ji Alhaji Zailani

"Taka da ƙarfi mana, Halliru, sai ka ce ba ka karya ba," in ji Alhaji Zailani, yana rub-da-ciki a kan katifa.

Halliru ya dafa bango ya ƙara danna masa cinyoyi da ƙafa. Shekara shida ke nan ɗakunansu na kallon juna a wannan tsohon bene na unguwar Al Ras a Dubai, saman shagunan kayan yaji, kuma a wurin 'yan Kano masu haɗa kaya a kwantena, tausa da ƙafa ita ce maganin kowace gajiya. Amma yau dattijon nishi yake da bai saba ba. 

Da ma Alhaji na fama da gaut, ciwon nan mai kumbura babban ɗan yatsan ƙafa, har ya yanke gaban takalminsa don yatsan ya sha iska. Likita ya ba shi wasu 'yan mitsi-mitsin ƙwayoyi. Kwana uku da suka wuce, sai ciwo ya haura cinya da kafaɗu.

"Sanyin esi ne ya haɗu da gaut ɗin. Ɓallo min ƙwaya biyu, hannuna ya ƙi," in ji Alhaji.

"Baba, ai ɗaya aka ce."

"Ɗaya ta yatsa ce. Yanzu jikin ne gaba ɗaya. Yalla, ɓallo!"

Wa ya isa ya yi musu da sa'an ubansa? Ya ɓallo, ya miƙa masa ruwa. Haka jiya, haka shekaranjiya.

Da azahar ya zo ɗaukar robar da Alhaji ke fitsari a ciki, tunda ƙafa ta daina kai shi bayi. Sai ya tsaya cak. Ɗan kaɗan ne a gindin robar, baƙi-baƙi kamar shayin da ba madara.

"Baba, don girman Allah mu tafi asibiti."

"Su riƙe ni? Jirgina Juma'a. Asabar sunan jikana na fari, kuma takwara za a yi min. Ko a kwance ne sai na je. Khalas, magana ta ƙare, kar ka ƙara."

Kaico, kunya ta hana Halliru ƙarawa. Man zafi ya ɗauko ya shafa masa.

Ranar Alhamis da hantsi ya yi sallama sau uku, shiru. Ya tarar da shi fuska a kumbure, ko kai ba ya iya ɗagawa. Mutum huɗu suka sauko da shi daga bene, aka wuce da shi asibiti.

Likitan ya ce tsokar jikinsa ce ke narkewa, dattinta ya toshe ƙoda. Maganin gaut ɗin yakan yi haka, amma ba kasafai ba. Sannan ya dubi Halliru. "Ƙwaya nawa yake sha? Wa ke ba shi?"

 Da ƙyar Halliru ya ce, "Ni ne."

Allah Ya karɓi Alhaji da safiyar Juma'a, jirgi bai ma tashi ba. A nan Dubai aka yi masa sutura.

Washegari Hajiya Saratu, matarsa, ta turo hoton jariri a wayar Halliru, ta rubuta suna a ƙasa: Zailani. Ya daɗe yana kallo, sannan ya fito zai tafi masallaci. Takalmin na nan a bakin ƙofar da ke kallon tasa, mai yankakken gaban ya ɗan karkace. Ya durƙusa ya daidaita shi da ɗan'uwansa.