Kalmar da Gwaggo Take Jira

Na sake miƙa mata kwanon dusar, ta sake kau da kai ta fuskanci katanga kamar matar da aka ɓata wa rai. Na ƙwanƙwasa gefen kwanon da yatsa, na yi mata fito, na ce ta ci da lallashi, na ce ta ci da tsawa. Ta kaɗa wutsiya ta kori ƙuda, ni kuwa ko kallo ban ishe ta ba.

Daga tagar ɗakinsa mai kallon turke, Mai Goɗiya yana dariya, tari yana tsinke masa ita.

"Kafinta, ka saba da katako, shi ba ya musu. Ajiye kwanon nan kafin ta kifar maka da shi a kan takalmi."

"Ka faɗa mini abin da kake raɗa mata a kunne in ka kawo abinci," na ce. "In faɗa mata, kowa ya huta."

"Ba maganata ba ce, aro na yi. Mai ita tana cikin gida."

Ya nuna ƙofar ɗakin 'yarsa da haɓa, ya koma ya kwanta.

Katanga ɗaya ce ta raba gidana da nasa tun muna da baƙin gashi. Ni ina haɗa ƙofofi da kujeru a rumfar ƙofar gidana, shi yana dakon yashi da bulo da keken doki. Sunansa ya daɗe da ɓacewa a unguwa, yaro da babba Mai Goɗiya suke ce masa. Goɗiyar ja ce mai farin goshi, ya laƙaba mata Gwaggo saboda saurin fushinta da son a girmama ta, wai halin yayar babansa ta kwaso. In ya zauna a rumfata yana ba da labarin yadda Gwaggo ta cije shi a kafaɗa, baƙon da bai sani ba sai ya riƙe baki yana salati.

Ciwon ƙirji ne ya kayar da shi. Da aka kai shi asibiti, likita ya duba ya sake dubawa, ya ce a mai da shi gida a riƙa ba shi abin da ransa yake so. Mu da muka ga jiya mun san ma'anar wannan maganar, shi ma ya sani. Tun ranar da ya kasa fitowa tsakar gida Gwaggo ta daina cin dusa. Ruwa tana sha, ciyawa tana tsinta sama-sama, amma kwanon da take rayuwa a kansa ta ƙi. Haƙarƙarinta ya fara ƙirguwa daga nesa.

Gidan daga shi sai 'yarsa, wadda muke kira Auta, don matarsa ta daɗe da rasuwa, sauran 'ya'yan kuma ba su yi tsawon rai ba. Auta ta yi aure ta haifi ɗa namiji. Suna kan hanyar dawowa daga ganin dangin miji motarsu ta kife, mijin da yaron suka tafi nan take, ita ta fito da ƙujewa a gwiwar hannu. Mai ɗakina tana wurin zaman makoki, ita ta ba ni labari. Mata suna shigowa suna yi mata gaisuwa, ana jira ta amsa ta ce an gode kamar yadda kowa yake yi, ta buɗe baki maganar ta ƙi fitowa. Ba ta yi kuka ba, ba ta yi magana ba. Damina ta wuce, rani ya wuce, tana gidan ubanta tana shara tana girki tana wanki, shiru kamar an rufe rijiya. An duba maƙogwaronta an ce lafiya lau.

Kowa ya gwada nasa. Ni na yi mata wa'azin haƙuri har bakina ya bushe, tana durƙushe tana kallon ƙasa. Uban kuwa bai taɓa cewa ta yi magana ba. Wata rana da yamma ya dafe kafaɗa ya ce kafaɗar ta riƙe masa, ya miƙa mata burushin da yake goge Gwaggo, ya yi tafiyarsa. Na leƙo ta katanga ina jira a yi cizo. Goɗiyar da ba ta barin kowa ya zo bayanta ta tsaya cak, Auta tana bin wuyanta da burushi, can ta juyo ta ɗora mata kai a kafaɗa ta sauke numfashi. Sun daɗe a haka. Daga nan kullum kafaɗar Mai Goɗiya sai ta riƙe da yamma, da safe kuma ya loda bulo da ita garau.

Na ce masa wannan wasa ne, yarinya magani take buƙata. Ya ce mu duka in mun zo tambaya muke kawo mata, ya jiki, ya haƙuri, me kike ji. Gwaggo ita kaɗai ce ba ta tambayarta komai. Ban yarda ba a lokacin, amma idona ya ga Auta ta fara cinye abincinta, ta fara fitowa rana, ta daina zabura in mota ta yi hon a titi. Bakin ne kawai ya rage.

Da ciwon ya kwantar da shi, ƙanensa ya zo, direban babbar mota ne, yana zaune a wani gari mai nisa. Mutumin kirki ne, sai dai komai a wurinsa kaya ne da za a ɗaure a kai inda za a sauke. Ya zauna a bakin gadon yayansa ya yi maganar da ta kamata a yi. Ya ce in ta Allah ta kasance, macen da ba ta iya kiran maƙwabci ko wuta ta kama ba za a bar ta ita kaɗai a gida ba, zai tafi da ita cikin iyalinsa. Goɗiya kuwa ta tsufa, ga shi ta ƙi ci, akwai wani mai dakon yashi a bayan tasha da zai karɓe ta.

Mai Goɗiya ya ce in ka raba su ka rufe bakin nan ke nan har abada. Ƙanen ya ce to ta yi magana ya ji, shi ba mugu ba ne, in ta yi ya bar ta a gidan ubanta da dabbarta.

Bayan ya fita na shiga na rufe ƙofa. Ni ba na ɓoye wa mutum gaskiya don yana kwance.

"Kana horon dabba da yunwa don ka matsa wa marainiya. Wannan ba hali ba ne."

"Zauna, Kafinta. Na ga karin magana ya taho maka har maƙoshi, haɗiye shi, ba ni da numfashin saurare."

Na haɗiye, na zauna. Ya ce shi bai hana kowa ba ta abinci ba, kwano yana hannuna kullum. Abu ɗaya ya riƙe, kuma ba zai sake shi ba. Ya ce ba ya tsoron inda za shi, ya yi dakonsa ya sauke. Abin da yake so kafin ya tafi shi ne ya ji muryar 'yarsa da kunnensa, ya san ta iya tsayuwa a ƙofar gidan nan ta amsa sallama.

Washegari bayan la'asar ina tsakar gidan da kwano, ina ta faman da na saba. Direba ya shigo yana goge hannu da tsumma, ya dubi haƙarƙarin Gwaggo ya girgiza kai. Ya ce ya isa haka, gobe mai yashi zai zo da igiya, gara ta tafi da ƙafarta. Bai sassauta murya ba, don mutane sun saba magana a gaban Auta kamar ba ta nan.

Tana tsugune bakin famfo tana wanke kofin maganin ubanta. Ta ajiye kofin, ta miƙe, ta goge hannu a zane, ta zo ta karɓi kwanon daga hannuna. Maimakon ta miƙa wa Gwaggo, sai ta mai da shi bayanta ta riƙe da hannu biyu.

Gwaggo ta juyo daga katanga. Ta matso har igiyarta ta miƙe, ta sunkuyar da kai, ta karkato kunne ɗaya daidai bakin Auta, ta tsaya. Na sha ganin ta yi wa Mai Goɗiya haka. Direba ya buɗe baki zai yi magana, na damƙe masa hannu.

Leɓen Auta ya motsa, babu sauti. Ta sake gwadawa. Kwanon ya karkace a bayanta har dusa tana zuba a dugaduganta. Goɗiyar ba ta gaji ba, ba ta ja da baya ba, kunnen yana nan inda ta ajiye shi. Da muryar ta fito, kamar ƙofar da ta shekara ba a buɗe ba ta yi.

"Mun gode, Gwaggo."

Ta kawo kwanon gaba. Gwaggo ta tsoma baki ta fara ci, tana hura dusa ta hanci.

Auta ta kifa fuska a gashin wuyanta, kukan da ta riƙe tun ranar makoki ya ɓalle. Tana cewa mun gode, mun gode, daga nan ta fara kiran sunan ɗanta. Goɗiyar tana ci, tana jingina mata kafaɗa. Direba ya ce bari ya duba tayar motarsa, ya fita da sauri, alhali da safe na ga ya duba ta. Ni na shiga ɗakin maƙwabcina.

Na same shi ya ja jiki ya jingina da taga, hawaye yana bin gemunsa, yana murmushi. Ya ce tun Auta tana ƙarama, lokacin da ya kawo Gwaggo tana 'yar budurwar dabba, harshen yarinyar bai iya goɗiya ba, godiya take cewa. Wata rana ta tambaye shi ko don ana gode mata ne aka sa mata wannan suna. Ya ce e, don ya huta. Shi ke nan, duk yamma in an kwance keke sai ta ɓoye kwano a bayanta, sai ta gode mata sannan ta ba ta. Dabba ta riƙe. Da Auta ta yi aure shi ya gaji maganar, yana raɗawa don kada unguwa ta ji babban mutum yana gode wa doki.

"Ni duk zatona addu'a kake yi mata," na ce. "Wa zai kawo wa ransa wannan? Ni ban taɓa gode wa gudumata ba."

"Shi ya sa take bugun yatsanka."

Na tambaye shi da Auta ba ta yi magana ba fa. Ya ce in yunwa ta ci ƙarfin Gwaggo za ta ci abinta, ita dabba ce, ba wawuya ba. Shi ne ba shi da lokacin jira.

Bai daɗe bayan nan ba, amma kwanakin da suka rage masa ya ci su da daɗi. Maganar Auta tana fitowa kaɗan-kaɗan, a dishe. In ta shigo ta ce, Baba za ka sha ruwa, sai ya kama kunne ya ce bai ji ba, don ta maimaita. Mutumin da yake jin takun Gwaggo daga bakin titi. Ta gane shi, ranar nan har ta ce masa ƙaryar kafaɗa ta ƙare an koma ta kunne. Ya yi dariya har sai da na ɗaga shi na bubbuga masa baya. Ya shirya da ni cewa keken za a ba wani ya riƙa aiki da shi da nasa dokin, Gwaggo ta gama dako, ni kuma in buɗe ƙaramar ƙofa a katangarmu don mai ɗakina ta riƙa shiga da fita. Na auna, na yanke katako, na kafa ta yana kallo ta taga yana cewa ta karkace. Ba ta karkace ba.

Ranar da ya tafi, da hantsi ne. Ina zaune kusa da shi ina ba shi labarin wani da ya kawo mini kujera mai ƙafa uku yana rantsuwa haka ya saye ta. A tsakar gida Auta tana goge Gwaggo tana yi mata hira ƙasa-ƙasa, tana faɗa mata ta ɗaga ƙafa, ta daina cin gefen mayafinta. Ya ɗaga yatsa ɗaya.

"Yi shiru, Kafinta. Ina saurare."

Na yi shiru. Idonsa a rufe, fuskarsa tana wajen taga. Na ga leɓensa yana motsi da kalmar shahada, na taya shi. Yatsan ya sauka a hankali a kan bargo. Na daɗe zaune kafin in tashi in kira ta, don na ga kamar bai gama saurare ba.

A wurin makoki mai ɗakina tana gefen Auta. Ta ce duk wadda ta shigo ta yi gaisuwa, Auta ta ɗago ta dube ta ta amsa. Da na shiga ni ma na yi mata tawa, ta ce, "Mun gode, Baba Kafinta." Direba yana tsaye a bayana ya ji. Da aka watse ya tayar da motarsa ya tafi shi kaɗai, bayan ya sauke buhun dusa a zaure.

Jiya da yamma na shiga ta sabuwar ƙofar in mayar da burushin da na gyara wa mariƙi. An kwance wa Gwaggo igiya, ta taka har tagar ɗakinsa ta zura kai ciki, tana shinshinar gadon da aka naɗe wa katifa. Auta tana tsaye a bakin turke da kwano a bayanta. Ba ta kira ta ba, tana jira ta juyo.