Hon ɗin Motar Burodi

Tun da mijinta ya karye a ƙafa, ita ke jan motar raba burodi, kuma motar nan ce abincin gidansu. Wata biyu tana zagaya shaguna lafiya lau, sai maɓallan kan sitiyari suka fara yi mata wulaƙanci. Hon ya yi shiru, na amsa waya ya mutu, na rediyo ma ya bi sahu. Shekaranjiya da ƙyar ta kauce wa wani mai keke, tana ta danna hon kamar mai danna katako.

Abin haushin, motar munafuka ce. Sau biyu yayan mijin, wanda rabin motar nasa ne, yana karɓa ya kai gareji da kansa, sau biyu kuma hon yana tashi har ya firgita mutane. Aka duba fiyus, aka sa mita, aka ce ƙalau take.

"Ƙanwata, tuƙin ne ya fi ƙarfinki kika ɗora wa mota," in ji shi. "Yau za mu je wurin makaniki na uku. In ya ce lafiya, direba zan nema."

Ranta ya ɓaci ƙwarai. Rasa motar da ciwo, sai dai a ce ta yi ƙarya ya fi mata zafi.

Na ukun wani tsoho ne mai gyaran wayoyin wutar mota, tabaraunsa ɗaure da zare, bencinsa cike da tsofaffin fitilu da guntayen wayoyi. Yaya ne ya tuƙo su. Yana tsayawa ya danna hon, hon kuwa ya amsa da ƙarfinsa, ko kunya babu.

"Ka ji ko, Baba?"

Tsohon ko kallonsa bai yi ba. "Wa ke jan ta kullum?"

"Ni ce, Baba."

"To kai sauko. 'Yata, shiga ki zauna yadda kike zama in za ki fita aiki. Kada ki ji nauyin kowa."

Yaya dogo ne zanƙalele, ita kuwa Allah bai ba ta tsawo ba. Ta jawo kujera gaba har ƙarshe, ta sa hannu ƙarƙashi ta saki mariƙin sitiyari, ta sauke shi ƙasa yadda hannunta zai kai.

"Danna."

Ta danna. Shiru. Tun da take ba ta taɓa jin daɗin lalacewar abu irin na ranar ba.

Tsohon ya cire kan batir, ya ɗan jira, sannan ya kwance murfin da ke ƙarƙashin sitiyarin ya haska tocila. Ya kira su duka biyun su leƙa. Damin wayoyin da ke zuwa maɓallan ne ya bi ta bakin wani ƙarfe. In sitiyari na sama, babu abin da ke taɓa su. In an sauke, ƙarfen ya matse su, wata biyu yana cin su a hankali har guda ta kusa tsinkewa.

"Duk wanda ya gwada ta, da zaman dogo ya gwada," in ji tsohon. "Mota ba ta yi maka ƙarya ba, ita ma ba ta yi maka ba."

Ya haɗa wayar da dalma, ya naɗe, ya sake wa damin hanya ya ɗaure. Aka gwada a sama, aka gwada a ƙasa, aka murɗa hagu da dama, komai ya amsa.

Yaya ya daɗe yana sosa ƙeya. Ita tana zaune a mazauninta. Can ya zagaya ya buɗe ɗaya ƙofar, ya cusa dogayen ƙafafunsa ya zauna.

"Shago nawa ya rage miki yau?"

"Bakwai, Yaya."

"To ja mu je. Ni zan riƙa sauke miki kayan."