Katin da Wiebe Bai Ɗaga Ba

Geertje ba ta gama tattara kartarta ba Ruud ya ɗaga hannu ya kira alƙaliyar wasa. Gasar birij ce, wasan karta na mutum biyu-biyu, a garin Sneek, zauren cike da tsofaffi da ƙamshin kofi.

"Bai ɗaga katin gargaɗi ba," in ji Ruud, yana nuna Wiebe da haɓa. "Kiran da Geertje ta yi yana da wata ma'ana a tsakaninsu, ba a gaya mana ba. Shi ya kayar da mu."

Doka ce kam: in abokin wasanka ya yi kira, wato ya faɗi cin da za ku yi, kuma kiran na da ɓoyayyar ma'ana, dole ka ɗaga shuɗin kati don abokan karawa su tambaya. Amma Wiebe, maƙwabcinta kuma abokin wasanta tun rasuwar mijinta, bai taɓa mantawa ba. Ta dube shi. Hannunsa na dama na yashe a kan tebur kamar ba nasa ba, leɓensa ya karkace.

Femke, alƙaliyar, ta sunkuyo. "Baba Wiebe, ka yi gargaɗi?"

Ya buɗe baki, magana ta ƙi fita.

"Kin gani ko, ba shi da ta cewa," in ji Ruud.

"Kai makaho ne?" Geertje ta miƙe har kujera ta faɗi. "Ku kira motar asibiti."

Aka tafi da shi, ashe shanyewar ɓarin jiki ce. Kafin a tashi, Femke ta gyara maki, ta ba su Ruud wasan. Bayan 'yan kwanaki Wiebe ya rasu, bai sake cewa uffan ba.

Ranar jana'iza, wajen shan kofi da kek, Geertje ta tare Femke.

"Kin janye hukuncin?"

"Mama, doka ba ta tambayar dalili. Ba a gargaɗe su ba, sun cutu, dole a gyara maki. Ba laifi na ɗora masa ba."

"To me kika ɗora masa? Wasan ƙarshe na mutum a duniya, a ce ya ɓoye wa mutane gaskiya. Mutumin da ko ƙwan tsuntsu ya tsinta sai ya nemi sheƙar."

Femke ta sunkuyar da kai. Sai ga Ruud, da faranti a hannu.

"Geertje, ban sani ba wallahi. In ba ki da abokin wasa ranar Talata, matata da nake wasa da ita za ta je gidan 'yarmu, sai mu yi tare."

Geertje ta juyo gare shi. "Ranar nan kafaɗarka na gogar tasa. Ka ga katin da bai ɗaga ba, ba ka ga hannun ba." Ta zare farantin daga hannunsa ta dire a tebur, ta fice.

Ana yayyafi ta isa gida. Ta kan shinge ta hango rigunan Wiebe biyu a igiyar shanya, ba wanda ya tuna da su. Ta zagaya ta kwaso, ta baza su kusa da murhun ɗumama ɗakinta, ta zauna tana kallon tururi na tashi daga wuyan rigunan.