Yaron Nan

Shinkafar Haladu ta nuna a tsallaken kogi, shi kuwa yana wannan gaɓar. Tun daminar bara da kwale-kwale ya kife da su, ruwa ya tafi da ɗansa na fari, bai ƙara taka jirgi ba. Ƙanensa Tukur, mai tuƙa adaidaita a Haɗeja, shi ya ɗauki ƴan ƙwadago suka yi shuka da noma. Yanzu jan-baki sun fara sauka. In ba a yanke ta a satin nan ba, tsuntsaye za su ci abincin gidan na shekara.

Mutanen gari suna yabon haƙurinsa. Ko hawaye bai yi ba, in ji su. Matarsa Saude ce kaɗai ta san tuwo yana komawa yadda ta kawo shi.

Tukur ne ya zo da maganar waya.

"Yaya, akwai wata Malama Zulfa a Kano. Aikinta sauraron masu damuwa. Ta waya ake yi, ba sai ka je ba."

"Mahaukaci ka mai da ni?"

"Wa ya isa? Ni ma da na yi haɗari ita ta mai da ni kan titi. Karɓi, wayar ba ta cizo."

Sabis a ƙauyen nan wuri ɗaya yake kamawa sosai: kan jingar da aka yi don tare ambaliya, daidai mashigin jirage. Wurin da Haladu yake kewayewa kullum. Dole ya hau. Ya zauna, ya ba ruwa baya.

Tun farkon kaka suke magana, duk Talata bayan la'asar. Matar ba ta yi masa wa'azi ba. Tambaya take yi, ta yi shiru. Wani lokacin shirun ya yi tsawo har ya duba ko layin ya yanke.

Ran nan ta ce, "Malam Haladu, kullum sai ka ce yaron nan. Yaya sunansa?"

Ya kashe wayar.

Ɗan fari ne. Uba ba ya kama sunan ɗan fari, haka ya taso ya gani. Tun ranar suna bakinsa bai taɓa furta shi ba.

Talatar da ta zagayo ya sake hawa jingar, shi ma bai san dalili ba. Ita ta fara magana.

"Na yi kuskure, ka gafarce ni. Ni ma ƴar fari ce, har gobe mahaifina Hajiya yake ce mini. To da me kake kiransa?"

"Kai."

"Kai kawai?"

"Kai, zo. Kai, kawo komar kifi." Ya ɗan yi murmushi, murmushin ya tsaya a hanya. "Ranar ma haka na ce. Na kama gwangwala ina miƙa masa, ya ba ni baya. Ina ta ihu, kai, kai! Ruwa cike da mutane, kowa kai ne. Da sunansa na kira, da ya juyo."

Bai taɓa faɗa wa kowa ba, ko Saude.

Malama Zulfa ta ce, "Ban san ko da zai juyo ba. Kai ma ba ka sani ba. Amma ka gaya mini, a gona ko a kasuwa, in ka ce kai, wa yake amsawa?"

"Shi."

"Cikin mutane?"

"Ko a kasuwar Auyo ne."

"To da sunan da ya sani ka kira shi."

Haladu ya sa hula ya rufe fuska. Ya daɗe. Masunta biyu suka wuce, suka yi kamar ba su gan shi ba.

Da ya natsu ta ce ba ta ce ya ƙetare yau ba. Ya sauka dai ya wanke hannu a bakin ruwa. Gobe ya zauna cikin jirgin da ke ɗaure. In zuciya ta buga, ya ja numfashi a hankali, ya bari ta buga.

Ya wanke hannu. Ruwan da sanyi, ba wani abu. Washegari ya zauna a jirgi, gumi ya jiƙa masa riga, ya fito da rarrafe. Ya koma da yamma.

Ranar Asabar da sassafe Tukur ya zo da lauje biyu. Saude ta biyo su har mashigi da ƙwaryar fura.

"Yaya, ka zauna a tsakiya, ni zan tuƙa."

"Kai da ka saba da taya uku? Ba ni filafilin nan kafin ka kai mu cikin ciyawar kacala."

Jirgi ya bar gaɓa. Haladu ne ke tuƙi, hannunsa ya san aikinsa. Da suka kai tsakiya, inda ruwan yake murɗawa, ya ɗaga filafili, ya bar jirgin ya ɗan bi ruwa.

"Allah ya jiƙan Tasi'u," ya ce.

Sunan ya fito da nauyi, kamar ba da bakinsa ba. Tukur ya sunkuyar da kai ya ce amin. Daga gaɓa Saude ba ta ji ba. Zai faɗa mata in ya dawo.

Ya mai da filafili ruwa. Can gaba jan-baki sun tashi daga gonar kamar hayaƙi, suka sake sauka.

"Tukur, ɗauki gwangwanin nan ka fara bugawa, mu kore su. Sun ci rabonsu."