Gashin Samowa a Ƙofar Marke

"Duk faɗin Jihar Arewa, mutum ɗaya ne ya san yadda ake gasa nama," in ji Malam Jinaidu, yana tsaye bakin ramin da ya sa aka haƙa a tsakar gidansa.

Shekara biyu ke nan da Turawa suka tafi da shi ƙasar Samowa cikin tawagar duba aikin gona. Ya kwana tara a wani ɗan tsibiri mai dutsen da ya taɓa aman wuta, inda ɗakuna ba su da bango, nama kuma a rami ake rufe shi da baƙaƙen duwatsu masu zafi. Tun dawowarsa matarsa Iyatu ba ta dafa abin da ya kai na tsibirin ba.

Yau ranar samun mulkin kai, ya gayyaci manyan ofishinsu goma sha biyu. Ragon da aka feɗe na Iyatu ne, wanda take turkawa don Layya. Ba a tambaye ta ba, sanar da ita aka yi.

Gambo mahauci ya duba duwatsun da jakuna suka kwaso daga gulbi, ya ce sun sha ruwa, ba za su jure wuta ba.

"Kai Gambo, ka taɓa shiga jirgin ruwa?"

"A'a, ranka shi daɗe."

"To zuba."

Iyatu tana ji daga madafa. Duk macen da ta taɓa kafa murhu ta san gaskiyar maganar Gambo. Ta ci gaba da tsintar shinkafa.

Bayan azahar dutsen farko ya fashe kamar bindiga, sauran suka bi. Aka tono ragon, rabi gawayi, rabi ɗanye, duka da tsakuwa. Malam ya gyara hula, ya nufi zaure, ya bayyana wa baƙi cewa ƙasar da duwatsunta suka kasa riƙe zafi, da wuya ta riƙe mulki. Suka gyaɗa kai, cikinsu na ƙugi.

Iyatu ta kwance jar akuyarta, wadda take tatsa kowace safiya, ta miƙa wa Gambo igiyar ta bayan zana.

"Gambo, yi balangu. Yadda ka saba."

Da la'asar ta jiyo baƙi suna yabon gashin Samowa, Malam yana cewa ai wannan ma don ba a sami duwatsun kirki ba ne. Ta tumɓuke turaku biyu, na ragon da na akuyar, ta jingina su kusa da murhu. Za su yi girkin gobe.