Kawunan Yumɓu na Dutsen Kurma

Almu ɗan Ƙanƙara ne, amma aikin jarida ya kai shi Kaduna, inda yake rubuta wa wata jaridar Hausa ta mako-mako labarai. A bazarar 1977, lokacin da kuɗin mai ya sa kowane mai babbar riga ya zama ɗan kwangila, ya zo gida hutu. Ranar kasuwa ya ji wani direban tifa yana ba da labari a teburin mai shayi, wai masu gyaran hanyar Sabuwa sun bar hanya sun koma tonon gumaka a Dutsen Kurma, kusa da Damari. Kawunan mutane ne na yumɓu, in ji direban, ana naɗe su da buhu a jera cikin akwatuna, wani Bature yana jiransu a Kwatano.

Washegari Almu ya rataya kyamararsa, ya hau babur ya bi ta Faskari. Bai isa ba sai bayan azahar.

A gindin dutsen akwai ƙauyen Maguzawa, gida bai fi ashirin ba. Babbansu shi ne Baba Labaran, Sarkin Noma, wani dogon tsoho mai jajayen idanu. Almu ya same shi yana ɗaurin ƙotar fartanya, ya durƙusa ya gaishe shi, ya faɗi abin da ke tafe da shi.

"Ɗan jarida," in ji tsohon, bai ko ɗago ba. "Bara ma wani irinka ya zo, muka ba shi ruwa ya sha, ya koma ya rubuta cewa mu arna ne masu bautar tukwane. Mi kake so?"

"Baba, sata ake yi maku. Kayan nan doka ta hana a fitar da su."

"Sai da ka zo daga Kaduna zan san ana mani sata? Tun kakan kakana muke noma kewaye da wurin nan, ko garma ba mu taɓa sa mashi ba. Na je wurin hukuma sau biyu. Tashi ka ba ni wuri."

Almu ya tashi. Ya ɓoye babur a cikin sabara, ya hau dutsen ta baya, ya laɓe tsakanin wasu manyan duwatsu. Abin da ya gani ya fi abin da direban ya faɗa. Ramuka sun fi hamsin, leburori suna ta sara da diga. In suka ci karo da mutum-mutumi, sai su buge wuyan su ɗauke kan, su jefar da gangar jikin, don kai ya fi sauƙin ɗauka. Wani kan yana da gemu da tsagar fuska, wani na mace ne da kitso har yanzu ana ganin layinsa. Almu ya yi ta ɗaukar hoto har fim ɗin ya ƙare.

Ya sauko ƙauyen ya shiga ɗakin shan magani na mishan. Mai kula da ɗakin ita ce Tabita, ɗiyar Baba Labaran, wadda ta yi makaranta ta zama Kirista. Ya miƙa mata fim ɗin, ya ce ta ajiye masa zuwa anjima. Ta dube shi, ta dubi abin, ta jefa a cikin gwangwanin auduga. Shi kuma ya sa sabon fim ya koma, don yana son hoton motar da ake lodi.

A nan aka kama shi. Bai ji tafiyarsu ba, sai dai ya ji an shaƙe masa wuyan riga. Rabo ne, heluman leburorin, wato shugabansu, wani gajere mai faɗin ƙirji. Ya fisge kyamarar ya maka ta da dutse, sannan ya caje aljihun Almu. Ya fito da kwalin fim guda biyu, duka babu komai a ciki.

"Kwali biyu, fim ɗaya," in ji Rabo. "Ina ɗayan?"

"Ya lalace, na yar."

Rabo ya kwaɗa masa mari. Aka ja shi zuwa sansanin kamfanin, aka tura shi siton siminti, wani ɗakin kwano marar taga, aka sa kwaɗo.

Da rana kwanon yakan yi zafi har ba ya taɓuwa. Ƙurar siminti ta cika masa hanci, ta fasa masa leɓe. Mai gadin, Lawwali, magidanci ne mai furfura a gemu. Sau biyu a yini yake turo kwanon ruwa da tuwon dawa ta ƙasan ƙofa.

"Malam Lawwali, ka san laifi ne tsare mutum haka?" in ji Almu.

"Laifi? Shekara uku fari ya cinye mani gona, ban ga jaridarku ba. Yanzu na samu abin da zan kai gida, ka zo ka rufe. Don tukwanen matattu! Ci ko kar ka ci, ruwanka."

A rana ta biyu da la'asar mai kwangilar ya iso a farar Fijo. Alhaji Mani ne, sanye da shadda mai sitaci. Bai shiga siton ba, ya tsaya a bakin ƙofa yana toshe hanci da hankici.

"Ɗan wane ne kai a Ƙanƙara?"

Almu ya faɗa.

"Na san mahaifinka, mutumin kirki. Bai kamata ɗansa ya zama mai leƙen asirin mutane ba. Ka ba Rabo fim ɗin, in sa a kai ka gida a motata."

"Alhaji, abin da kuke fasawa ya girmi garin Katsina. In ya fita ƙasar nan ba zai dawo ba."

"Ni Musulmi ne, gumaka nake kawarwa. Kai ne mai kare su?"

"Wanda ke kawar da gunki ba ya naɗe shi da buhu don kar ya fashe."

Fuskar Alhaji ta canza. Ya juya ga Rabo ya ce, "Ba zai fita ba sai fim ya fito. Kowa ya tambaya, ɓarawon siminti muka kama." Ya shiga mota ya tafi.

Da safiyar rana ta uku Rabo ya shigo da mutum biyu. Suka danne hannun Almu na dama a kan buhun siminti. Rabo ya tambaya sau uku, Almu ya yi shiru sau uku. Sai ya ɗaga ƙotar shebur ya sauke. Almu ya ji ƙarar yatsunsa kafin ya ji zafin. Ya yi ihu har muryarsa ta dushe, amma bai ambaci Tabita ba. Ba jarumta ce ta hana shi ba. Ya dai san in ya faɗa, wannan ƙotar ce za a kai ɗakin shan magani.

Shirun bai yi amfani ba. Washegari wani lebura ya ce ya ga baƙon ya shiga ƙauye ranar da aka kama shi. Rabo ya sa aka tuƙo katafila aka tsayar da ita gab da rumbunan ƙauyen, bakinta a ɗage. Ya aika wa Baba Labaran cewa in rana ta yi tsaka gobe ba a kawo fim ba, za a gane hanya ta kan rumbunan ta biyo.

Lawwali ne ya kawo wa Almu labarin, yana dariya. "Ka ga alherin da ka kawo masu."

Da hantsi a rana ta biyar aka buɗe siton, aka fito da Almu. Hasken ya kashe masa ido. Baba Labaran yana tsaye a tsakiyar sansanin da sandarsa, fim ɗin a tafin hannunsa. Rabo ya karɓa, ya ɓalle murfin, ya zare shi tsawonsa a rana yana kaɗawa, leburori suna shewa.

"Baba, don me?" in ji Almu. "Shi ke nan shaidar da muke da ita."

Tsohon ya matso har Almu yana jin numfashinsa. "Kar ka zaci don kai na kawo. Hatsin gida ashirin ne a rumbunan can. Ka shigo garina, ka ɗora wa ɗiyata wuta a hannu, ko izinina ba ka nema ba. Su sun zo ɗaukar kawuna, kai ka zo ɗaukar hoto. Wa ya tambaye mu?"

Ba a sake shi ba sai washegari, bayan babbar motar ta tashi da akwatunan. Babur ɗinsa an huda tayoyin. Ya taka zuwa ɗakin shan magani riƙe da hannunsa da ya kumbura ya yi baƙi. Tabita tana da tabo a kunci, inda uban ya buge ta da ta hana shi gwangwanin. Ta ɗaure masa yatsun da karan dawa da bandeji, ba ta tausasa hannu ba.

"Ka ce zuwa anjima," in ji ta. "Da ka gaya mani ko mene ne, da tun ranar na sa shi a motar Funtuwa. Ba ka ɗauke ni mutum ba, ma'ajiya ka ɗauke ni."

Almu ya nemi gafara, ta ce ya yi sauri kar motar kasuwa ta wuce shi.

A Kaduna ya faɗi labarin wani ya buga masa a tafireta. Editan ya cire sunan Alhaji Mani, ya ce babu hoto babu shaida, ya sa sauran a shafi na bakwai. Duk da haka, bayan mako uku hukumar kayan tarihi ta turo jami'i ɗaya da 'yan sanda biyu, Almu ya raka su.

Katafila ta riga ta baje gefen dutsen, ba rami ko ɗaya. Rabo ya tarbe su da fara'a, ya ce marmara suke ɗiba don hanya. Jami'in ya tsinci wasu ɓaraguzan yumɓu ya zuba a jaka, sannan suka gangara ƙauye. Ya tambayi Baba Labaran ko zai ba da shaida.

Tsohon ya dubi 'yan sandan. "Nan za ku kwana?"

"A'a, Baba, yau za mu koma."

"Su Rabo nan suke kwana. Ban ga komi ba."

Suna shirin shiga mota Tabita ta fito daga ɗakin shan magani, ta ce ita ta gani, a rubuta. Uban ya daka mata tsawa, ba ta waiwaya ba. Ta faɗi ranakun, da lambar motar, da sunan heluman, jami'in yana rubutawa a kan murfin mota. Da ta sa hannu, Baba Labaran ya tofar da yawu, ya shige gida ya ja asabari.