Ƙasar da Ke Jikin Silin

Auta ta daɗe tana koyar da tarihin labaran al'ajabi a jami'a. Duk shekara sai ɗalibai sun tambaye ta inda abin ya samo asali, ita kuwa ta bi da su ta tsohuwar hanya: tatsuniyoyin baka, waƙoƙin jarumai masu kokawa da dodanni, labaran matafiyan teku, har zuwa marubutan da suka ƙago duniya sukutum suka zana mata taswira a shafin farko. Amsa ce mai kyau, ta cin jarrabawa. Amma ita ta san nata ya faro ne daga yoyon rufi.

A ɗakin da suka taso ita da yayarta, ruwan sama ya taɓa jiƙa silin ya bar tabo mai rassa. Suna yara, Yaya kan kwanta rigingine da rana tsaka tana nunawa da yatsa: ga kogin da ke gudu da baya, ga garin masu saƙa gajimare, ga tsibirin da tsofaffi ke komawa su koyi tashi sama. Auta ta yi ta shiga ƙasar nan har ta fi sanin ta a kan unguwarsu.

Yanzu iyayensu sun rasu, za a ba da hayar gidan, kuma Yaya ce da kanta ta kirawo mai fenti. Ta zama mai harhaɗa magunguna, mace mai agogo a hannu, ba ta da lokacin shirme.

Kafin ya gama dama fentin, Auta ta kwanta a ƙasan ɗakin da kayan zuwa aiki a jikinta. Hasken taga na rawa a silin, kogin kamar ya motsa.

"Yaya, kin tuna inda kogin nan yake zuwa?"

"Wane kogi? Yoyo ne, Auta. Tashi kada ki ɓata kayanki."

Maganar ta yi mata ciwo ƙwarai. Ba fentin take tsoro ba. Tsoronta a ce ita kaɗai ta taɓa zuwa can, wadda ta kai ta ma ta manta hanya.

Mai fenti ya kafa tsaninsa a kusurwar taga, daidai ƙarƙashin tsibirin, ya tsoma buroshi ya ɗaga hannu. Auta ta rufe ido.

"Malam, dakata," in ji Yaya. "Fara ta bakin ƙofa."

"Ai duk ɗaya ne, ranki ya daɗe."

"Ba ɗaya ba ne." Ta duba agogonta, muryarta ta yi ƙasa. "Mutanen wannan kusurwar tsofaffi ne. Ba su gama koyon tashi ba, sai an ba su lokaci."

Mutumin ya dubi silin, ya dube ta, ya ja tsaninsa bakin ƙofa. Yaya ta ajiye jakarta, ta kwanta kusa da ƙanwarta a kan ƙurar.